Numfashi a Ɗakin Auta

Talata, da hantsi

Akwai mai numfashi a ɗakin Auta.

Mama ce ta fara ji. Ina wanke kofuna ta zo ta tsaya a bayana, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke, ƙanenki ya dawo. Yana ciki yana barci, kada ki yi ƙara."

Na ce, "Mama, ɗakin a kulle yake. Mukullin yana aljihun Kawu."

Ta ce, "To zo ki ji da kunnenki."

Na goge hannu na je na kara kunne a jikin ƙofar. Wallahi akwai. Wani siririn fito, kamar iska na bi ta ramin mukulli, sai shiru, sai wani ɗan ƙas, sai fiton ya dawo. Na kama hannun ƙofar na girgiza, na ji bakina yana kiran sunansa, abin da na yi wa kaina alkawarin ba zan yi a gaban Mama ba.

Kawu ne ya kulle ɗakin tun washegarin ranar da Auta ya fita bai dawo ba, saboda Mama ta kama shiga tana zama a bakin gadonsa tana shinshina rigunansa. Na kira Kawu a waya. Yana bakin kogi tare da masuntan da ke taya shi neman Auta, ina jiyo injin jirginsu ta bayansa. Ya ce sai yamma.

Ban je shago ba. Ni da Mama muka wuni a gaban ƙofa kamar masu jiran likita.

Talata, bayan magariba

Amarya ce.

Duk hankalinmu ya tafi kogi, ba wanda ya tuna da ita. Mesar Auta, 'yar ƙarama, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Tun tana kamar tsawon hannu ya tsinto ta a wani gini da yake ja wa wayar lantarki, leburori sun ɗaga shebur za su sare ta. Lokacin Mama ta dame shi da maganar aure, kullum yaushe za ka kawo mana amarya. Sai ya shigo da kwali ya ajiye a gabanta ya ce, "Mama, ga ta nan, ba ta da surutu, ba ta son kishi da uwar miji." Mama ta yi ihu ta hau kan kujera. Sunan ya bi ta ke nan.

Shi da kansa ya haɗa mata akwatin gilashi, da fitilar ɗumi a sama, da ma'aunin zafi manne a gefe. Ranar da Kawu zai kulle ɗakin ya kashe soket, wai kada gobara ta tashi. Taga kuma a buɗe, ga ruwan saman nan da ba ya ɗaukewa. Ɗakin kamar cikin randa.

Mun same ta ta miƙa kanta sama a kusurwar gilashi, baki a ɗan buɗe, kumfa a hancinta. Kowane numfashi sai kumfar ta kumbura ta fashe. Shi ne ƙas ɗin.

Kawu ya ce, "A fitar da ita a kashe, a huta. Da wanne za a ji?"

Mama ta ce, "Ba mai taɓa masa kaya."

Na kunna fitilar, na rufe taga. Wayarsa tana nan a kan tebur inda ya bar ta. Kwanon ruwan Amarya ya cika shi har baki kafin ya fita. Ban taɓa ganin Auta ya fita ko bakin titi ba tare da waya ba.

Laraba, da azahar

Ni da ko ƙadangare ba na so, yau na ɗauki maciji da hannuna. Na lulluɓe ta da tawul na tura cikin rigar matashin kai, na ɗaure bakin, na sa a kwando tare da gorar ruwan zafi. Tana da nauyi fiye da yadda na zata. Sanyi ƙarara kamar ƙarfe.

Direban tasi ya ce, "Hajiya, me ke cikin kwandon yake fito haka?" Na ce mara lafiya ne. Ya kalle ni ta madubi.

Asibitin dabbobin yana bayan masu facin taya. A benci na tarar da wani da ragonsa, da wata mata da kyanwa a cinya. Da suka ji abin da na kawo, kafin ka ce me bencin ya zama nawa ni kaɗai.

Likitar mace ce, gajera, ba ta da yawan magana, hannunta duk tabon cizo da yakushi. Ta san Amarya. Ta ce, "Ai wannan ta mai gyaran wutan nan ce. Ina yake? Shi ba ya barinta ta kai haka." Na ce ba ya gari.

Ta buɗe mata baki da wani ɗan faffaɗan itace. Ciki duk majina, tana ja kamar zare. Ta dangwalo da auduga ta sa a kwalba, ta ce za ta aika ɗakin gwaji a gano wace ƙwayar cuta ce. Ta ce sanyi ne ya karya mata garkuwar jiki, cuta ta samu ƙofa ta shiga huhu.

Sannan ta ce, "Kin ga, maciji ba ya tari. Mu idan abu ya taru mana a ƙirji sai mu yi tari ya fita. Su ba su da wannan. Ruwan sai ya yi ta taruwa a huhu har ya cika. Shi ya sa take ɗaga kai sama, iska take nema. Idan aka bar ta, tana kwance a busasshen wuri za ta nutse."

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a durƙushe bayan tarin tsofaffin tayoyi ina amai. Mai faci ya miƙo mini ruwa a buta.

Da na koma ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai jawo mini kujera.

Laraba, da yamma

Abin da za a riƙa yi: ɗumin akwati ya ɗan fi na kullum, dare da rana, kada fitila ta mutu. A kwashe ɓawon itacen da ke ƙasa a shimfiɗa farar takarda, a canza kullum. A sa mata reshe da za ta ɗora kai. Ba abinci sai ta ji sauƙi. Safe da yamma a sa ta a roba mai murfi a kunna ɗan injin da likita ta ara mini, mai mayar da magani hazo, ta shaƙa. Allura kuma ran Asabar, daga nan a tsallake kwana biyu a sake. Ta farko likita ta yi a gabana: a gaban jiki, gefen ƙashin baya, a zura tsakanin ɓawo da ɓawo, bakin allura yana kallon kai. Yau hagu, gaba dama.

Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Mene ne sana'arki?" Na ce tela. Ta ce, "To allura ai 'yar gidanku ce."

Na yi dariya. Sai na ji kunya, kamar na ci abinci a gaban mai yunwa.

Alhamis, da asuba

Kawu ya wuce kogi. Sun ƙara gangarawa ƙasa.

Juma'a, da la'asar

Na leƙa shago. Abokiyar aikina ta share mini kan keke, ta jera ɗinkunan mutane da suka taru. Na zauna na taka, na ɗinke hannun riga a wuya. Ta karɓa ta farke.

Mutane suna shigowa ba don ɗinki ba. Kowa da nasa labarin. Mai shayin bakin gada ya ce wai ya ga Auta ya gangara da gudu, kamar ya hango wani abu ruwa yana ja. Mai gadin gidan man da ke tsallake kuma ya ce a'a, ya daɗe a tsaye a kan gada, hannu a aljihu, ruwan sama yana dukansa. Wata ta fara, "Ni kuwa an ce mini…" Na taka keke da ƙarfi har ta yi shiru.

Na dawo gida na tarar Mama ta ɗauko kujerar tsuguno ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Yanzu ba ta shiga, tun da aka tuna da Amarya tsoronta ya dawo mata sabo. Tana dai zaune, kai jingine da bango, ido a rufe.

Ta ce, "Ji. Yana numfashi."

Na ce, "Tana, Mama."

Ba ta buɗe ido ba.

Asabar, da hantsi

Allura tana bukatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tsira. Kawu ya ce shi duk macijin da ya taɓa taɓawa da sanda ya taɓa shi. Abokiyar aikina ta zo da zuciyarta, amma Amarya na motsawa cikin rigar matashi ta saki ta kwasa a guje, sai a tsakar gida na same ta tana salati.

Na yi ni kaɗai. Kanta a cikin rigar matashi, na danne da gwiwa a hankali, na lalubo wurin. Fatar ta fi yadin kaki tauri. Da allurar ta shiga sai duk jikinta ya murɗe ya naɗe mini hannu, ya matse. Ba matsar mugunta ba. Irin riƙon da Auta yake yi mini yana ƙarami idan za mu tsallaka titi.

Lahadi, da safe

Na tarar da fitilar a kashe. Gilashin ya yi sanyi. Na duba ƙwan, lafiyarsa lau. Makunnin ne a sama. Na tabbata jiya a kunne na bar shi.

Litinin, da safe

Yau ma.

Makunnin yana bayan tebur, sai mutum ya sunkuya ya zura hannu. Kawu ba a nan yake kwana ba. Mama ba ta ƙetare bakin ƙofar. Na daɗe a tsaye a tsakiyar ɗakin. Takalmansa na aiki suna ƙarƙashin gado, jakar kayan aikinsa a rataye, ƙamshin sabulunsa bai gama fita ba. Na ji kamar yanzun nan wani ya tashi daga bakin gadon, har na kai hannu na taɓa wurin in ji ko da ɗumi.

Na ce a fili, "Idan kai ne, ka bari. Taka ce fa."

Fiton kawai ya amsa mini. Ya fi na jiya kauri.

Talata, da azahar

Kawu ya kira ni waje, bayan gida, inda Mama ba za ta gani ba. Leda ce a hannunsa. Masunta sun ciro wata riga da ta maƙale a saiwar bishiya. Laka ta canza mata launi. Ya ce, "Duba mini. Ni ba zan iya bambancewa ba, riga duk riga ce."

Na juya cikinta. Akwai siririn aljihu a ciki ta hagu, na ajiye testarsa ta gwada wuta, don kullum tana faɗuwa idan ya hau tsani. Da baƙin zare aka ɗinka shi a kan farin yadi, saboda ranar farin zare ya ƙare mini, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa Yaya yi sauri, waye zai leƙa ciki.

Na ninke ta na mayar a ledar. Na ce Kawu ya tafi da ita gidansa.

Na shiga na yi wa Amarya allura. Hagu.

Laraba, da yamma

Mama ta tambaye ni ina dafa ruwa, "Idan ta warke, wannan numfashin zai daina?"

Na ce eh, maciji mai lafiya ba a jin numfashinsa.

Ta ce, "To."

Alhamis, da asuba

Na fito zan yi alwala na ga ƙofar ɗakinsa a buɗe. Mama ce a ciki. Mama da ko bakin ƙofa ba ta ƙetarewa. Ta juya wa akwatin baya don kada ta gani, ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta zura hannu bayan tebur. Fitilar ta mutu.

Na ce, "Mama."

Ba ta firgita ba. Ta dafa tebur ta miƙe a hankali.

Na ce, "Kashe ta za ki yi."

Ta ce, "Ba kashe ta zan yi ba. Ɗan sanyi kaɗan ne, da rana ai kina kunnawa." Sannan ta ce, "Ke kina da shago, kina da mutane. Ni me nake da shi? Idan na zauna a nan na rufe ido, yaron nan yana ciki yana barci. Tun yana jariri haka yake, da ɗan fito a hancinsa. Ke kuma kin dage safe da yamma sai kin kashe mini shi."

Na so in ce mata akwai wata leda a gidan Kawu. Na haɗiye.

Na sunkuya na kunna fitilar. Ta bi ta gefena ta fita. Yau ba mu yi magana ba. Abincin da na ajiye mata yana nan a rufe.

Juma'a, da hantsi

Likita ta kira. Sakamako ya fito, ƙwayar cutar ba ta jin maganin farko. In zo in karɓi wani. Ta tambayi ɗumin akwati, na ce wuta ce take ba mu matsala.

Asabar, da la'asar

Na dawo daga shago na tarar Mama a tsaye a tsakar gida ba mayafi, ba takalmi. Ta ce, "Zo, zo, ya canza."

Ba fito ba ne yanzu, kurɓi ne, kamar ana hura iska cikin kofin ruwa da tsinke. Amarya ta miƙe kusan rabin jikinta a jikin gilashi, kai can sama, baki wangale, majina na zuba ta gefe. Sai ta zame ta faɗo, ta sake miƙewa, ta sake zamewa. Ta sake. Na san da me ya yi kama. Ba zan rubuta ba.

Mama ma ta gani. Wannan karon ba ta juya baya ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Haka ake yi? Haka ake neman iska?" Sannan ta ce, "Ni na ja mata wannan?"

Na kira likita. Ta ce in ɗauke ta in karkata kanta ƙasa kaɗan don abin ya gangaro, in share bakin da auduga, in ba ta sabuwar allurar yanzu, sannan hazo. Sirinji ya kuɓuce mini ya faɗi ƙasa, na ɗauko wani. Na ce, "Ba zan iya ni kaɗai ba."

Sai na ga hannuwan Mama. Ba tawul, ba rigar matashi. Ta tallabi kan a tafinta kamar yadda ake tallabar kan jinjiri a wanka, ta karkata shi ƙasa. Majina ta zubo mata har gwiwar hannu. Idonta a rufe gam, amma ba ta saki ba. Tana ta cewa, "Yi haƙuri. Fito da shi. Fito da shi, ɗana, ga ni nan, na riƙe ka."

Na tsira allurar.

Muka zauna a ƙasa mu biyu, roba a tsakaninmu, injin yana gurnani, hazo ya rufe ta ba ma ganin komai sai inuwa. Mama ta ce, "Ashe laushi gare ta."

Lahadi, da safe

Tana da rai. Fitila a kunne. Mama ta kwana a ƙofa tana gadin makunni, wai kada a ɗauke wuta ba ta sani ba.

Talata, da yamma

Masunta sun ce sun yi iya yinsu. Ruwa ya fara ja baya, su ma suna da iyali. Kawu ya zo ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya rame, wuyansa duk ya fito, rana ta ƙona masa fuska. Sai yau na tuna shi ma ɗan ƙanwarsa yake nema.

Ya ce wa Mama, "Mutane suna tambayata. Ya kamata a bar su su zo, a yi masa addu'a."

Mama ta ce, "Yaya, ka ga gawa?"

Ya kalle ni. Na kalli ƙasa.

Ta ce, "To ba mai zuwa ya zauna mini a gida."

Ta tashi ta tafi canza wa Amarya takarda. Yanzu aikinta ne, ba ta barina.

Alhamis, da azahar

Kumfar hanci ta ragu. Ta sauko da kai, ta shiga ɗan kogonta ta dunƙule. Likita ta ce alama ce mai kyau, amma kada a tsayar da allura don an ga sauƙi, nan ne mutane suke kuskure.

Na yi mafarkinsa da na ɗan kishingiɗa. Yana kan tsani a ɗakin Mama yana canza ƙwan fitila, ruwa yana ɗiga daga ƙafar wandonsa. Na ce sauko ka canza kaya. Ya ce Yaya riƙe mini tsanin. Na farka hannuna a dunƙule.

Juma'a

Dama.

Litinin, da safe

Hagu. Mama ta riƙe. Fiton ya koma siriri, sai ka kasa kunne sosai. Na ga tana matsar da kujerarta ciki kullum, yau har ta kai jikin gilashi.

Alhamis, da hantsi

Allura ta ƙarshe. Na kai ta asibiti. Likita ta buɗe bakin, ciki fes, jajir kamar na jariri. Ta kara kunne ta saurara ta ce, "Saura kaɗan. Kin yi ƙoƙari." Na mayar mata da injinta.

Ina ɗaure rigar matashi ta ce, "Mai facin taya ya gaya mini. Ranar nan da na san haka ne, da ban faɗi abin da na faɗa ba." Na ce ba komai, gaskiya ta faɗa. Ta ce akwai wani mutum mai kiwon irinsu, mai amana, idan muna so ya karɓe ta. Na ce zan tambayi Mama.

Asabar, da asuba

Shiru ne ya tashe ni.

Na fito na tarar Mama a ɗakinsa, zaune a ƙasa, kunnenta manne da gilashi. Amarya tana zagaya akwatin a hankali, tana fito da harshe, idonta tar. Ba fito, ba ƙas. Agogon falo kawai ake ji, da tsuntsaye.

Na zauna kusa da ita.

Ta ce, "Ta warke."

Na ce, "Ta warke, Mama."

Ta ɗaga kai ta kalli gadon, da takalman, da jakar da ke rataye, ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ta fara shiga ɗakin. Ta ce, "Ba kowa a nan."

Sannan ta ce, "Me Yaya ya nuna miki a bayan gida ranar nan? Na hango ku ta taga."

Na gaya mata. Har baƙin zaren.

Tunda abin ya faru Mama ba ta yi kuka ba sai yau. Ba ihu. Ta kifa kai a cinyata, kukan yana fitowa daga can ƙasa, kamar ana jan guga mai nauyi daga rijiya. Na riƙe ta har rana ta shigo ta taga.

Da ta tashi ta wanke fuska ta ce, "Kira Kawunki. Ki ce ya zo da rigar. Kuma ya gaya wa mutane."

Litinin, da yamma

Gida cike. Abokan aikinsa sun zo da yawa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Wani ya ce Auta ya gyara masa wuta ranar haihuwar matarsa, cikin ruwan sama. Ba wanda ya kawo zancen gada. Na gode musu a raina.

Wata gwaggo ta ji labarin Amarya ta ce, "Har yanzu wannan abar tana gidan nan?" Mama ta ce, "Surukata ce. Tana ɗakinta." Na ga kafaɗar Kawu tana rawa, ban sani ba dariya yake ko kuka.

Maganar mai kiwo ta mutu ke nan.

Laraba, da la'asar

Ta ci ɓera. Mama ta tsaya ta kalla har ƙarshe, ta ce ba ta da ladabin ci ko kaɗan.

Alhamis, da azahar

Na koma shago sosai. Da hantsi wata tsohuwar mai kawo mini ɗinki ta shigo, ta yi tafiya ba ta san komai ba. Ina auna mata kafaɗa tana ta hira, ta ce fankar ɗakinta ta lalace. "Ina ƙanen nan naki mai maciji, mai ban dariyar nan? Ki turo mini shi mana."

Abokiyar aikina ta tsayar da kekenta.

Na ji amsar da na saba bayarwa ta zo bakina, ba ya gari. Tef ɗin awo yana hannuna, na danne shi da yatsa a kan kafaɗarta.

Na ce, "Ya rasu. Ruwa ne ya tafi da shi. Ba mu same shi ba."

Ta juyo za ta rungume ni. Na ce, "Tsaya yadda kike, Hajiya, kada awon ya ɓace."

Ta tsaya, tana kuka, hannuwa a buɗe. Na auna hannun riga, na auna tsawo, na rubuta da alli a jikin yadin.